Na yanka wa yaran shago adadin ɗinki: biyu sun ƙara sauri, ɗaya yana ɓata kaya, ɗaya ya karaya

Telan Mokoyo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san horar da yara da tafiyar da ma'aikata. Ina da shagon ɗinkin maza a nan Maradi, keke biyar, yara huɗu. Ni nake awo da yanka, aikin wuya muna kai wa mai surfani, su yaran haɗawa ce aikinsu: kaftani da wandonsa, daga yankakkiyar shadda har guga.

Bara da azumi abin da nake ce musu kawai shi ne "ku dage, ku yi iya ƙoƙarinku", muka kai daren Sallah da kayan mutane a rataye. Bana tun shigowar Sha'aban na ce kowa ya fitar da kaftani uku a rana, don hannu ya saba kafin kaya su yi yawa. Sati biyu ke nan. Babban yarona mai shekara shida a shago da mai bi masa sun tashi daga biyu zuwa uku. Na uku, mai shekara biyu a hannuna, yana cika ukun, amma kusan kullum sai an farke ɗaya: aljihu a karkace, ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ƙaramin, wata takwas da zuwansa, da can yana haɗa ɗaya lafiya lau, yanzu ɗayan ma ba ya gamawa, yana zuwa a makare, jiya har ya ce mini shi yana ganin ɗinki ba hanyar abincinsa ba ce. Ɗan ƙanwata ne, kuma na san hannunsa yana da kyau.

Adadin ne matsalar, in janye shi? Ko yaron ne ba shi da zuciya? Kuma ta yaya ake mayar wa mutum da ƙarfin gwiwa ba tare da an yi masa ƙarya ba?

Mushe (malamin makaranta) daga unguwar Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam Malam Tela, sannu da fama. Kada ka janye adadin, gyara yake so. Abin da ya faru da manyan yaranka biyu an daɗe da auna shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya yi rubutu a kai a 1968, daga baya shi da Gary Latham suka tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a 1990, kuma sakamakon kusan ɗaya ne a ko'ina: wanda aka ba adadi takamaimai mai ɗan wuya yana fin wanda aka ce wa ya yi iya ƙoƙarinsa. "Iya ƙoƙari" ba shi da sikeli. Duk inda mutum ya tsaya sai ya ce nan ne iyakarsa, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji a jikinsa. Adadi kuwa yana gaya masa saura nawa. Sai ya rage waige-waige, ya ƙara ƙarfi, ya jure bayan gajiya ta fara, sannan ya shiga neman dabara, wanda shi ne riba mafi girma: ya jera hannaye shida ya ɗinke a zama ɗaya, maimakon ya riƙa tashi yana sauya zare.

Misalin da aka fi kawowa na direbobin manyan motocin dakon itacen katako ne a Amurka, wanda Latham da Baldes suka buga a 1975. Motocin suna isa masana'anta da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin da doka ta yarda su ɗauka. An yi ta cewa su ƙara, shiru. Sai aka yanka musu kashi 94, ba ƙarin albashi, tare da alkawarin ba wanda za a hukunta in bai kai ba. Watan farko suka kai wajen 80, na biyu suka sauko 70 don su gwada ko alkawarin gaskiya ne, da suka ga ba a taɓa kowa ba sai suka haura 90 suka zauna a can. Cikin wata tara kamfanin ya tsira da kimanin dalar Amurka dubu 250 da zai kashe wajen sayen ƙarin motoci. Ka riƙe abu biyu daga labarin: direbobin duk sun iya aikinsu tun da farko, kuma ana auna kowace mota, direba yana sanin nauyin da ya kawo.

Inda ka kauce shi ne ka ba mutum huɗu awo ɗaya, abin da ba ka taɓa yi wa masu kawo ɗinki ba. Uku a rana ga babban yaronka ƙarin kaftani ɗaya ne a kan abin da hannunsa ya riga ya iya. Ga ɗan ƙanwarka ninki uku ne. Adadi yana jan mutum ne muddin yana ganin zai iya kaiwa. Da zarar ya lissafa ya ga ko ya kwana a kan keke ba zai kai ba, sai ya sake shi gaba ɗaya, har ɗayan da yake yi ya zama ba shi da daraja a idonsa, tunda ɗaya da sifiri duk faɗuwa ce a ma'aunin da ka kafa.

Ga yadda za ka sake yankawa. Ɗauki kaye, wato littafin rubutu, ka ƙidaya abin da kowa ya gama na kwana shida ba tare da ka matsa masa ba. A ce babban ya fitar da 15, na biyu 13, na uku 11 masu kyau. Ƙara wa kowa kamar kashi ɗaya cikin biyar: 18, 16, 13. Ka raba shi kwana-kwana, amma ka yi adadin na sati, don ranar da aka ɗauke wuta kada ta zama ranar kunya. Ka zauna da kowannensu ka nuna masa daga ina lambar ta fito, ka tambaye shi ko ya ɗauka. Ba dole ne shi ya zaɓi lambar ba, amma dole ya ji dalilinta. Sannan ka kafa ƙaramin allo kusa da teburin yanka, kowa ya ja layi da alli da hannunsa duk lokacin da riga ta fita. Adadin da mai shi ba ya ganin inda ya kwana a kansa ba ya aiki, wannan ma an gwada.

Ƙaramin kuwa cire shi daga ƙidayar riguna kwata-kwata. A 1989 Ruth Kanfer da Phillip Ackerman sun gwada sababbin sojojin saman Amurka a kan aikin sauke jirage a kwamfuta, suka ga waɗanda aka ɗora wa adadi tun suna farkon koyo sun fi lalacewa. Kan mai koyo ya riga ya cika da yadda zai riƙe yadi da yadda zai taka keke. In ka ƙara masa tunanin "saura biyu, la'asar ta kusa", ka cinye hankalin da zai koyi aikin da shi. Burin da ya dace da shi na koyo ne, kuma shi ma takamaimai: wannan satin ya iya ɗora aljihu ta hanya biyu, ya faɗi wacce ta fi zauna masa da dalili.

Hajiya Mai Keke, Sabon Gari

Mushe ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni yaro na uku ne ya fi tsaya mini a rai, don shi ne zai iya kashe sunan shago. Bai saɓa maka ba Malam Tela. Ka ce uku, ya kawo uku. Abin da ba ka ƙidaya ba shi ya zubar a hanya, kuma kowane tela ya san inda ake satar lokaci a kaftani. Je ka duba kekensa, za ka iske ya buɗe tsawon ɗinki daga milimita biyu da rabi zuwa huɗu. Keke na gudu kam, amma hammata za ta buɗe ranar da mai rigar ya ɗaga hannu a filin Idi. Juya rigar ta ciki: ba ya ƙulle farkon ɗinki da ƙarshensa, ba ya goge gaɓa kafin ya haɗa ta da ta gaba, aljihu da ido yake ɗora shi, ba alli ba tef. Hannun da ya fi ɗan'uwansa daga kalmasa ne, ya naɗe ɗaya santimita biyu, ɗayan uku. Ga shi shadda mai ƙyalli ba ta yafiya. In aka farke, ramukan allura suna nan a jere kamar tsagar fuska, dutsen guga ba ya ɓoye su, mai kaya kuma mita huɗu ko biyar ya saya da kuɗin guminsa.

Don haka layin alli kada ya hau allo sai riga ta wuce dubawa. Dubawar minti uku ce in an saba: a naɗe rigar biyu a ga kafaɗu da hannaye sun yi daidai, a auna aljihu daga kafaɗa da tef, a ja hammata da tsakiyar wando da hannu biyu a ga ko zare zai nuna haƙori, a duba wuya ya kwanta, a duba zaren da ya yi saura. Wadda ta faɗi, mai ita ne zai gyara, kuma ba ta shiga lissafi sai ta dawo ta wuce. Kwana uku kawai zai gane da kansa cewa biyu masu kyau sun fi masa uku da gyara. Ka rubuta tsawon ɗinki da lambar allura a takarda ka manna a jikin kowane keke, lamba 14 ga yadi mai laushi, 16 ga shadda mai kauri, don kada ya zama gardama kullum.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ka taɓo ba amma na san tana nan. Kada ka ce wanda ya cika 18 yana da jika biyar, wanda ya tsaya a 17 ba shi da ko dala. Irin wannan tukuici na ko duka ko babu shi ke haifar da maguɗi: wanda ya rage masa ɗaya zai tura maka riga ba a ƙulle ba, wanda ya ga tun Laraba ba zai kai ba zai miƙe ƙafa har Asabar. Ka sa ɗan ƙari a kan kowace riga mai kyau da ta haura adadinsa na da, ta 16 da kuɗinta, ta 17 da kuɗinta. Wannan ba ciwon ƙananan shaguna kaɗai ba ne. Bankin Wells Fargo a Amurka ya matsa wa ma'aikata da adadin asusun da za su buɗe, suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, har a 2016 aka ci bankin tarar dalar Amurka miliyan 185, ma'aikata wajen 5,300 kuma suka rasa aikinsu. Masu digiri ke nan da kwat, balle yaro mai shekara goma sha tara da ke son kuɗin takalmin Sallah.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan na Mushe: in kowa adadin kansa kawai yake bi, babban yaronka ba zai sake tashi daga kekensa ya nuna wa ƙarami yadda ake gyara zaren ƙasa ba, don minti goman nan asara ce a gare shi. Ka sa adadin shago gaba ɗaya a saman allon, da nasa tukuicin da za a raba har da ƙaramin.

Malamin Sana'a daga Tibiri

Malam Tela, bari in ɗauki tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai zafi. Yaron yana da zuciya. Abin da ya karye masa shi ne yarda da iyawarsa a kan wannan aikin, kuma wannan daban yake da ji da kai ko girman kai. Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya koyar a Jami'ar Stanford, shi ya fayyace abin a 1977. Ya nuna cewa yardar tana bin aiki ne ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya ce ɗinki ba hanyar abincinsa ba ce, tambaye shi ko zai iya kalmasa ƙafar wando goma kafin azahar, zai ce maka zai iya. Kaftani uku ne ya gagare shi, sai ya shafa wa sana'ar duka baƙin jini.

Me ya sa abin ya shafi aiki? Mutum biyu masu hannu ɗaya, in zare ya cukurkuɗe, mai yarda da iyawarsa zai ce "kwarkwaro ne bai zauna ba", ya buɗe ya gyara. Ɗayan zai ce "ni ne ban iya ba", ya zauna yana kallon keken. Na farkon ya ƙaru da darasi, na biyun ya ƙaru da hujjar guduwa. A 1998 Stajkovic da Luthans sun haɗa bincike 114 suka ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin wannan yarda da ingancin aiki, sai dai ta fi ƙarfi a aiki mai sauƙi, tana raguwa in aikin ya yi sarƙaƙiya. Wato yarda ba ta maye gurbin koyo.

Bandura ya ce daga wuri huɗu take zuwa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi nesa ba kusa ba shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yi. Gwajinsa na farko a kan wannan yarda da masu tsananin tsoron maciji ya yi shi: ba wa'azi aka yi musu ba, an bi da su mataki-mataki ne, kallo daga nesa, matsowa kusa da keji, taɓawa da safar hannu, har suka riƙe shi. A 1981 shi da Dale Schunk suka ɗauki yara 40 da lissafin ɗebewa ya gagara, aka ba su shafi 42 su yi a zama bakwai. Wasu aka ce su sa ran gama shafi shida a kowane zama, wasu aka ce su gama 42 ɗin zuwa ƙarshe, wasu ba a ce musu komai ba. Masu shida-shida suka fi kowa ƙwarewa, suka fi yarda da kansu, har suka riƙa zaɓen lissafin da kansu a lokacin hutu. Masu burin nesa kuwa kusan ba su bambanta da waɗanda ba a ba buri ba. Aiki ɗaya, yawa ɗaya, yankan ne kawai ya bambanta.

To ka yanka masa kaftani gaɓa-gaɓa na kwana goma. Kwana biyu na farko kalmasa da ɗinkin gefe, abin da ka tabbata zai ci. Kwana uku aljihu, a kan ƙyallen da ya rage a ƙarƙashin tebur, goma a rana, ya auna kowanne da tef ya ware waɗanda kuskurensu bai wuce rabin santimita ba. Shi zai ƙidaya, ba kai ba. Ranar farko wataƙila huɗu cikin goma, ta uku takwas, kuma wannan hawan da ya gani da idonsa ya fi duk wani lallashi. Sai hannu kwana uku, sai ya haɗa riga guda cikin kwana biyu ba agogo a kansa. Kafin kowane mataki ka tambaye shi, daga sifiri zuwa goma nawa yake jin zai iya. In ya ce ƙasa da biyar, matakin ya yi faɗi, raba shi. In ya ce goma yana hamma, ya yi sauƙi, kuma nasarar da ba a sha wuya ba ba ta gina komai. Wajen bakwai ake nema.

Na biyu, ganin na kusa da shi ya yi. Kai in ka ɗora aljihu cikin minti huɗu yana kallo, abin da zai ɗauka shi ne "Kawu gwani ne". Sa mai bi wa babban ya nuna masa, a hankali, yana faɗin inda shi ma ya riƙa kuskure a shekararsa ta farko.

Na uku magana ce, kuma tana da rauni, duk da ita muka fi dogara da ita. "Kai gwani ne" ba ta wuce kuskure na gaba. Kluger da DeNisi a 1996 sun duba tarin bincike kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka iske fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan aikin lalacewa ya yi, musamman in maganar ta koma kan mutumin ta bar aikin. Yabo da zagi duk suna iya faɗawa wannan ramin. Abin da ke aiki shi ne ka ɗaga rigar ka ce: "Wannan kusurwar ta zauna don ka tsayar da allura a ciki kafin ka juya. Wannan ta kumbura don ba ka datse bakin yadin ba." Ba ka yi masa ƙarya ba, kuma ka ba shi abin da zai kama gobe. Gyara kuma a gefe, ba a gaban mai kawo ɗinki ba.

Na huɗu jiki. In azumi ya kama, bayan azahar hannu yana rawa, ido yana yaji, ga zafin Maradi. Yaro ba zai ce ƙishirwa ce ba, zai ce "ka ga, ban iya ba". Ka ba shi sabon abu da hantsi ko bayan tarawihi, ka bar guga da sa maɓalli da yanke zare ga lokacin da jiki ya mutu, kuma ka faɗa masa a fili cewa kowa haka yake ji a wannan lokacin, har kai.

Telan Mokoyo

Allah ya saka da alheri, Mushe, Hajiya, Malam. Na duba keken na uku, tsawon ɗinkin a huɗu yake kamar yadda Hajiya ta faɗa. Na sayi allo. Saura ɗaya: babban yaron yanzu cewa yake zai iya biyar a rana in azumi ya shiga, wai in ƙara karɓar kaya kada mu bar kuɗi a ƙasa. In bi maganarsa?

Mai Lissafi, Bagalam

A'a Maigida, kada ka karɓi kayan mutane a kan abin da yaro yake jin zai iya. Yarda da kai in ta wuce shaida tana da nata lahanin: mutum ya rage shiri, ya daina dubawa, ya ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Kuma ɗan Adam gaba ɗaya ba ya iya ƙiyasin lokacin aikinsa. A 1994 Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa ya rage su gama kundin bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 34. Da aka ce to in komai ya lalace fa, suka ce wajen 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55, ya zarce har mummunan zatonsu. Dalili shi ne mai ƙiyasi yana hango ranar da komai ya tafi daidai, ba ya tuna ranakun da suka wuce. Yaronka yana lissafi da ranar da ya fi kowace sauri, ya manta da ranar da bel ya tsinke.

Lamba biyu za ka riƙe, kada ka gauraya su. Ta allo, wato 18, 16, 13, ta jan yara ce. Ta karɓar kaya kuwa daga kaye take fitowa: 15 da 13 da 11, 39 ke nan a sati, sati huɗu 156. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗauke wuta, gyara, rashin lafiya da jinkirin mai surfani, ya rage wajen 125. In ka kai nan ka rufe karɓa. Duk abin da yara suka ƙara a kai ya zama sararin da za ka karɓi na gaggawa da farashinsa. Babban kuma kada ka kashe masa gwiwa, ka ce ya nuna huɗu masu wuce dubawa kwana shida a jere, sai a ɗaga lambarsa.

Batun cikas, akwai dabara mai arha da Peter Gollwitzer, Bajamushe, ya yi suna da ita: a ƙulla niyya da sharaɗi tun kafin abin ya faru, "in kaza ya faru, zan yi kaza". A 2006 shi da Paschal Sheeran suka haɗa gwaje-gwaje 94 suka ga tana ƙara cika niyya sosai. Amfaninta shi ne an riga an yanke shawara, ba a tsayawa tunani lokacin da rai ya ɓaci. Ku zauna ku rubuta guda huɗu ko biyar, ba fiye ba. In an ɗauke wuta, masu keken lantarki su koma keken ƙafa da dutsen gawayi ba tare da jiran umarni ba. In zare ya tsinke sau biyu a jere, a sauya allura a sake zarga zaren kafin a taɓa komai. In aboki ya shigo hira, a ce masa sai bayan shan ruwa. In mai surfani bai dawo da wuya ba zuwa azahar, a haɗa wanduna.

Wannan salon tunani an gwada shi a kusa da mu. A Lome, babban birnin Togo, an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 kashi uku: wasu aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, wasu aka horar da su kan kafa buri, tsara matakai, hango cikas da fara abu ba tare da jiran a ce ba, wasu ba a ba su horo ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ribar kashi na biyun ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a tsawon shekara biyu, ta masu darussan da aka saba kuwa ƙarin bai kai a tabbatar da shi ba. Wani gargaɗi kuma, don yana yawo a WhatsApp: labarin wai an bi ɗaliban Jami'ar Yale na 1953, kashi uku cikin ɗari da suka rubuta burinsu suka fi sauran duka dukiya. An nemi wannan binciken ba a same shi ba, jami'ar ma ta ce ba ta da shi. Kada a kafa hujja da shi.

Hajiya Mai Keke, Sabon Gari

Lissafin ya yi, amma a sa masa rana. Ka rubuta a ƙofar shago cewa daga goma ga azumi ba a karɓar mai aikin surfani, daga ashirin ba a karɓar komai, kuma ranar da za ka faɗa wa mai kaya ta zama kwana biyu bayan wadda ka rubuta a kaye. Kwana ukun ƙarshe a bar su ga guga, maɓalli da gyaran wanda ya gwada ya ce wando ya matse. A nan ɗan ƙanwarka zai yi amfani sosai: ka damƙa masa dubawar minti ukun nan da tef a wuyansa, shi zai ce wannan ta wuce, wannan ta koma. Idonsa zai koyi abin da hannunsa bai kai ba tukuna. Ka gaya wa manyan tun yau cewa kai ka sa shi, don kada wani ya harare shi in ya mayar masa da riga. Allura kuma ka saya kwali guda kafin azumi, a sauya kowace safiya, don shadda tana dakushe ta da wuri.